Hoto ya ce lafiya lau, amma kan bai daina ciwo ba

A ce yaro ne ya faɗo daga acaɓa a shataletalen Wunti da ke Bauchi. Ya miƙe, ya kaɗe riga, ko suma bai yi ba. A asibiti aka ɗauki hoton kansa, likita ya ce babu jini a ciki, ƙashi bai tsage ba. Kowa ya yi hamdala.

Ga shi bayan wata biyu. Hasken waya na sara masa kai, hayaniyar kasuwar Muda Lawal na sa shi jiri, layi ɗaya sai ya karanta sau uku. A gida an fara cewa raki ne, wasu na cewa iska ce ta taɓa shi. Wallahi wannan maganar tana min ciwo.

Mu tsaya a nan. Hoton da aka ɗauka, wato CT, jini da karaya yake nema. Shi kuwa yaron, ƙwaƙwalwarsa ce ta jijjigu a cikin ƙoƙon kai, kuma hoton ba ya kama wannan.

A cikin ƙwaƙwalwa akwai wasu ƙananan ƙwayoyin halitta masu ƙafafu kamar gizo-gizo. Sunansu maikirogiliya, su ne 'yan sintirin ƙwaƙwalwa. Da an bugu sai su fito, su kwashe abin da ya lalace, su saki sinadaran kumburi. Ba irin kumburin ƙafa ba ne da za ka latsa da yatsa, kuma a kwanakin farko gyara yake yi. To amma a ce ɓarawo ya gudu tun dare, 'yan sintiri ba su daina busa usur ba har asuba. Wa zai runtsa a unguwar? Yawancin mutane cikin sati 2 zuwa 4 suke warwarewa. Wanda nasa ya zarce, kumburin da ya ƙi lafawa na cikin abubuwan da masu bincike ke dangantawa da shi, tare da ciwon wuya da matsalar kunnen ciki.

Saura a gurguje. Hutu na awa 24 zuwa 48, sannan a fara ɗan tattaki, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Kulle shi a ɗaki mai duhu na makonni ƙara jinkirta sauƙi yake. Barci isasshe. Ƙwallo sai likita ya amince, domin bugu na biyu kafin a warke haɗari ne babba. Yawan haɗiyar maganin ciwon kai daga kemis shi kansa yana kawo ciwon kai.

Amai a kai a kai, jijjiga, ciwon da ke ƙaruwa, ko barcin da ake tashinsa da ƙyar, wannan kada a jira gari ya waye, a nufi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU).

Ke kuma Mama, in ya ce hasken ya dame shi, ki rage masa fitilar.