Murhun kwal na uwar ɗakina a Ingila

Wannan lacca ce da wani malamin jami'a mai ritaya ya gabatar a Kano, a wani zama kan makamashin girki. An rubuto ta daga faifan da aka naɗa, an ɗan tsaftace maimaici da tari.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban taro, iyayenmu mata da ke wancan ɓangaren, malamai, ɗalibai, ina yi muku barka da yamma.

An ce in yi magana kan makamashin girki, kuma na ga waɗanda suka riga ni sun zo da alƙaluma da zane-zane a allo. Ni ba abin da na zo da shi sai labarin wani murhu da na zauna da shi shekara biyu, da matar da ke hura shi.

Na je Ingila karatu a ƙarshen 1978, can arewa maso gabas, yankin Durham, ƙasar masu haƙar kwal. Ban sami ɗaki a makaranta ba, sai aka haɗa ni da wata tsohuwa a wani ƙauyen mahaƙa, mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun watse, tana ba da hayar ɗaki ɗaya a sama. Ba zan faɗi sunanta ba. Ni dai Iya nake ce mata, ta tambaye ni ma'anarsa, na gaya mata, ta ce ta yarda. Kuma Allah ya sa na sauka a shekarar da ba su manta da sanyinta ba, hunturun 1978 zuwa 1979, ga dusar ƙanƙara ga yajin aiki ko'ina. Ni da na taso ina ganin jaurar Disamba a Kano ita ce ƙarshen sanyi, na san na yi ƙarya.

Kafin in ci gaba, bari in raba abu biyu, don na ji ɗazu wani yana haɗa su. Gawayi daban, kwal daban. Gawayi itace ne da aka ƙona aka kashe shi bai zama toka ba. Kwal kuwa daga ƙarƙashin ƙasa ake tono shi, baƙi, mai nauyi kamar dutse, yana da wuyar kamawa, amma in ya kama sai ya daɗe yana ci, hayaƙinsa kuma mai kauri ne da warin kibiritu. Kurfotin nan namu ma sunansa daga kwal ya samo asali a bakin Turawa, sai dai mu gawayi muke zuba masa.

To, murhun Iya. Ku cire murhun duwatsu uku daga ranku, ku cire risho. Wannan wani gini ne na baƙin ƙarfe da aka kafa cikin bangon ɗakin girki, tsawonsa ya kai ƙirjina, faɗinsa ya fi faɗin ƙofar zaure. Wuta tana tsakiya, a bayan sandunan ƙarfe, kana ganin jan garwashinta. Gefe guda tanderu ne mai ƙofa, na gasa burodi da nama. Ɗaya gefen kuma tanki ne da ruwa ke zama da zafi dare da rana. A sama akwai wurin ɗora tukunya da buta. Can sama da shi, kusa da rufi, an rataye sanduna na shanya kaya, ana ja da igiya a sauke, a ja a ɗaga. Hikimar abin tana ciki, inda ido ba ya gani: akwai hanyoyi da zafin wutar ke bi ya zagaye tanderun kafin ya haura bututun hayaƙi ya fita ta saman rufi. Akwai wani ɗan ƙarfe da ake ja ko a tura, shi ke buɗe hanyar ko ya toshe ta. In ka ja shi, wuta ta yi ruri ta nufi tanderu. In ka tura, ta kwanta. Irin wannan murhu ya samo asali tun ƙarshen ƙarni na 18, wani Thomas Robinson ya yi rajistar nasa a 1780, George Bodley ya fito da mai rufaffen sama a 1802, kuma kafin ƙarni na 19 ya ƙare ya shiga gidajen talakawa ma'aikata.

Abin da ya fara ɗaure mini kai, ba ta da ma'aunin zafi ko ɗaya. In za ta gasa burodi sai ta buɗe ƙofar tanderun, ta zura hannu, ta ɗan tsaya kamar mai sauraren wani abu, ta ce bai yi ba tukuna. Wani lokaci ta barbaɗa ɗan fulawa a faranti ta sa a ciki, launin da ya yi shi zai gaya mata. Ta san iskar da ke sa wutar ta ja, da wadda ke maido hayaƙi cikin ɗaki. Iyayenmu mata da ke nan sun san wannan ilimin, shi ne na mai tuyar waina da ke sanin tanda ta yi ba tare da ta taɓa ba. Suna da wani burodi a yankin mai faɗi kamar gurasa, suna ce masa stoti, a ƙasan tanderun ake gasa shi. Ran da na fara cinsa da zafi sai da na tuna Jakara.

Gidan gaba ɗaya ɗaki ɗaya ne mai ɗumi, wato ɗakin murhun. A nan ake ci, a nan ake hira, a nan nake karatu, a nan maƙwabta ke shigowa ba sallama su zauna. Ɗakina na sama kuwa, da asuba sai in ga ƙanƙara ta kama gilashin taga ta ciki, ta ciki fa. Da dare Iya takan sa bulo a tanderu, ya yi zafi, ta naɗe shi da tsumma ta ba ni in tura cikin bargo. Ruwan alwalar asuba daga tankin nan nake ɗiba, in sirka. Ta lura da haka ba tare da na ce komai ba, sai ta riƙa cika tankin kafin ta kwanta. Allah ya saka mata.

Ran nan kwaɗayin tuwo ya kama ni. Na sayo garin shinkafa, ina da kuka da daddawa da na taho da su. Na ɗora tukunya, ruwa ya tafasa, na yi talge, na zo tuƙi. Ai sai tukunya ta fara yawo a kan ƙarfe, don ba duwatsun da za su riƙe ta. Ina tuƙawa tana gudu. Iya ta taso ta sa tsumma ta danne hannuwan tukunyar, ni ina tuƙi da cokalin katako, ita tana ta tambaya wai wannan abinci ne ko siminti. [dariya] Ta ci loma biyu don kara. Miyar kuka kam ko kallo ba ta ƙara yi mata ba.

Amma ba don in ba ku dariya na kawo labarin nan ba. In ka ji Bature yana begen murhun kwal na gidan kakarsa, yana cewa ba burodin da ya kai na wancan zamani, ba ɗumi irin wancan, ka tambaye shi: wa ke tashi ya hura? Galibi za ka tarar shi yaro ne a lokacin, ko kuwa namiji. Shi ya ji ɗumin, wata ce ta yi aikin. Mu ma haka muke. Wa ya fi mu yabon tuwon itace, mu da ba mu taɓa durƙusawa muna fifita ɗanyen ice da damina ba?

Bari in gaya muku safiyar Iya, don na gani da idona. Tana sauka tun ƙarfe biyar da rabi, cikin duhu da sanyi. Ta durƙusa, ta zazzage tokar jiya da wani ƙarfe, ta kwashe ta a bokiti, ta tace ta don ta ciro guntayen da ba su gama ci ba. Ta fita bayan gida cikin ƙanƙara ta ciko bokitin kwal, ta shigo da shi. In wutar ta kwana, to da sauƙi. Da dare takan rufe ta da dusar kwal mai ɗan danshi, har da ganyen shayin da aka gama sha, kamar yadda ake binne garwashi da toka a gidajenmu. In ta mutu kuwa, sai a koma farko: takarda, ƙiraren itace, sannan kwal, a jira. Ba shayi, ba ruwan zafi, sai wuta ta kama. Sau ɗaya a mako kuma ta bar murhun ya huce, ta zura dogon buroshi ta sharo kunkunniyar da ta taru a hanyoyin nan na ciki, don in sun toshe tanderu ba zai yi zafi ba. Sannan ta shafe ƙarfen duka da wani baƙin shafi, Zebo, ta goge har ya yi ƙyalli. A ƙauyen, da ƙyallin murhu ake auna tsaftar mace. Hannayenta sun tsattsage, baƙin ya shiga tsagun, sabulu ba ya fitar da shi.

Kuma ta ce mini wannan hutu ne. Lokacin da mijinta da 'ya'yanta maza biyu ke aikin rami, kowa da lokacin shigarsa, wani ya dawo tsakar dare wani ya fita kafin asuba. Kowanne in ya dawo baƙi ƙirin yake, sai an ɗora masa ruwa, an ajiye baho a gaban wuta ya yi wanka, an ba shi abinci mai zafi, an shanya kayansa. Kafin a gina wuraren wanka a bakin mahaƙa haka matan suka rayu, barcinsu guntu-guntu. Mijin nata ƙurar kwal ce ta cinye masa huhu.

Ni ma na taɓa jawo mata aiki. Azumin 1979 ya faɗo ƙarshen Yuli zuwa Agusta, rana doguwa, sahur wajen ƙarfe uku na dare. Na sauko in ɗumama abinci, na ja ƙarfen nan don wuta ta tashi, na ci, na haye sama na manta ban tura shi ba. Kafin gari ya waye kwal ɗin da ta rufe ya cinye tas, murhu ya yi sanyi. Ba ta yi faɗa ba. Ta miƙo mini bokiti da shebur kawai. Ranar na yi kusan awa ɗaya ina fama, hayaƙi ya cika ɗaki, idona na hawaye, da azumi a bakina. Jiki magayi.

To me ya sa ba ta rabu da shi ba, alhali a lokacin yawancin gidajen Ingila sun koma gas da lantarki? Na tambaye ta. Amsar ba ta da alaƙa da bege ko al'ada. Kuɗi ne. Mahaƙa suna da haƙƙin kwal na gida daga hukumar kwal ta ƙasa, wadda ta karɓi mahaƙan a 1947, kuma matar mamaci tana ci gaba da samun rabo. Mota ta zo ta juye mata a bayan gida. Gas kuwa sai ta biya. Ta ce in za a ba ta gas a kan farashin kwal, da kanta za ta ɗauki guduma.

A birane abin ya riga ya sauya, kuma da dalili. Daga 5 zuwa 9 ga Disamba 1952 hayaƙin kwal ya haɗu da hazo ya lulluɓe Landan, iska ta tsaya cik, mutum ba ya ganin gabansa. Ƙididdigar farko ta ce mutum kusan 4,000 suka mutu, binciken baya ya kai adadin har wajen 12,000. Wannan ya haifar da dokar tsaftace iska ta 1956. Abin da nake so jami'an gwamnati da ke nan su riƙe shi ne, dokar ba hani kawai ta yi ba. Ta ware unguwannin da ba a yarda da hayaƙi ba, ta kuma ba masu gida tallafin kuɗi su sauya murhu. Daga baya aka sami gas a Tekun Arewa, tsakanin 1967 da 1977 aka bi gida-gida ana gyara na'urorin girki su dace da shi. Mu nan muna hana sare itace, muna wa'azin gas, alhali matar da ke Rimin Kebe tana sayen gawayi na ɗari biyu ne don shi take iya saye yau, ba ta da kuɗin cika tukunyar gas a dunƙule. Duk lokacin da gas ya yi tsada kuna ganin yadda buhunan gawayi ke ƙaruwa a bakin titi. Waɗanda suka kai shekaruna sun tuna murhun Abacha mai cin dusar katako, ai tsadar kananzir ce ta haife shi.

Wani zai ce mu ma ai muna da kwal. Muna da shi. An gano shi a Udi a 1909, shi ya kafa garin Inugu, shi ya ja jiragen ƙasa, kuma a kansa 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe mahaƙa 21 a Iva Valley ranar 18 ga Nuwamba 1949. Amma bai taɓa zama wutar girkin gidajenmu ba. A Nijar akwai mahaƙar Anu Araren a jihar Agadas, har an yi ƙoƙarin sarrafa kwal ɗin don girki saboda a rage sare itace. In za a bi wannan hanya, ina roƙo a tuna da bututu. Abin da ya sa Iya ta shekara hamsin gaban kwal a rufaffen ɗaki ba ta shaƙe ba shi ne hayaƙin yana da hanyar fita. Mu kuwa duk hunturu sai an ji labarin waɗanda suka shiga da kaskon gawayi ɗaki, suka rufe ƙofa da taga, aka wayi gari ba su tashi ba. Iskar da ke kisan ba ta da wari, ba ta da launi. Don Allah ku gaya wa na gida.

Na koma yankin bayan shekaru da yawa. An yi babban yajin aikin mahaƙa na 1984 zuwa 1985 zamanin Firaminista Thatcher, an rufe ramukan Durham ɗaya bayan ɗaya, rami mai zurfi na ƙarshe a Birtaniya, Kellingley, an rufe shi a Disamba 2015. Iya ta rasu. Na sami 'yarta, ta ce ai tun kafin rasuwar aka gyara gidajen layin, aka ciro murhun aka sa na gas. Na ce ta yi kuka? Ta ce wane kuka, ai bin ma'aikatan ta yi har mota da gwangwanin baƙin shafin da buroshin, ta ce su haɗa da su. Ita 'yar ce ma ta yi ƙwalla.

Ta kai ni wani gidan tarihi da ake kira Beamish, inda aka sake gina gidajen mahaƙa yadda suke a da. Ga murhun nan sak, wuta na ci, wata ma'aikaciya sanye da kayan da tana gasa burodi, yara 'yan makaranta sun yi layi suna ɗaukar hoto. Na tambaye ta ƙarfe nawa take zuwa ta hura. Ta ce wani ne ke hurawa kafin ta iso.

Shugaba yana nuna mini agogo, kuma na ji an fara kiran salla. In akwai tambaya, sai bayan mun idar. Wassalamu alaikum.