Me ke sa haƙorin dashe ya fara motsi?

Tambayar da ake ta yi mana a 'yan kwanakin nan ita ce, idan haƙorin da aka dasa ya fara motsi, shin dashen ne ya lalace? Sau da yawa ba haka ba ne, domin laifin yakan kasance na wani ɗan sukuru ne wanda mai haƙorin bai taɓa sa shi a ido ba.

Haƙorin dashe yana da manyan sassa uku. Na ƙasa shi ne turken ƙarfen titaniyom da ake nutsawa cikin ƙashin muƙamuƙi, wanda ƙashi ke mannewa da shi, kamar yadda likita Per-Ingvar Brånemark na ƙasar Suwidin ya lura a 1952, kafin ya dasa wa mutum na farko a 1965. Na tsakiya shi ne wuya, na sama kuma hular da ake tauna da ita. Sukurun yana ratsa wuyan ya shiga turken.

A nan ne akasarin mutane ke kuskuren fahimta, saboda haka za mu ɗan dakata. Ana ɗauka cewa ɗaure sukuru shi ne a murɗa shi har ya cije. Abin da ke faruwa a zahiri shi ne sukurun yana miƙewa kaɗan, gwargwadon da ido ba zai gani ba, sai ya zama tamkar sifirin da aka ja yana neman komawa yadda yake, kuma wannan jan ne ke matse wuya da turke wuri guda. Muddin ƙarfin taunar da ke neman raba su bai rinjayi wannan matsi ba, mahaɗin ba zai buɗe ba. Wannan matsin shi ne ainihin abin da ke riƙe da haƙorin.

Abin mamaki, kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfin murɗawar yana ƙarewa ne wajen gogayya tsakanin ƙarfe da ƙarfe, ragowar ce kawai ke miƙar da sukurun. Shi ya sa likita ba ya dogara da ƙarfin yatsunsa, yana amfani da ƙaramar sifana mai ma'auni, ya bi adadin da kamfanin ya ƙayyade, galibi tsakanin 25 da 35 a ma'aunin niyuton-santimita. In an gaza, matsin ba zai isa ba. In an zarce, sukurun zai miƙe ya kasa komawa, ko ya karye. Bugu da ƙari, fuskar ƙarfe, komai santsinta, tana da ƙananan tuddai da ke lotsawa bayan an ɗaure, sai wani ɓangare na matsin ya zube. Likitoci da yawa sukan jira kamar minti 10 su sake ɗaurewa, kuma a ganina wannan jiran ya fi duk wani tallan sabon ƙarfe amfani.

Haƙorin halitta yana zaune ne a kan siraran zaruruwa da ke sassauta bugun tauna, shi kuwa turke ba shi da su, don haka nauyin yana sauka kai tsaye a kan mahaɗin. Nauyin da ke zuwa a karkace ya fi ɓarna, musamman ga masu cizon haƙora cikin barci, domin yana lanƙwasa mahaɗin ya buɗe gefe ɗaya. Wannan ne ya sa gwajin ISO 14801, wato ƙa'idar duniya ta auna ƙarkon dashe, ke karkata dashe da digiri 30 yana danna shi har sau miliyan 5.

Siffar mahaɗin ma tana da tasiri. A tsohon salo, wuya yana zama ne a kan ɗan tudu mai kusurwa shida wanda tsayinsa milimita 0.7 ne kacal, sai wahalar ta koma kan sukuru. A salon mazurari kuwa, wuyan yana nutsawa cikin turken ya cije bangonsa, ya ɗauke wa sukurun nauyi, ya kuma rage kafar da ƙwayoyin cuta ke bi. Ya fi ƙarko, amma shi ma yana kwancewa idan ba a ɗaure daidai ba.

Idan haƙorin ya fara motsi, a daina tauna da shi, a je likita ya duba tare da ɗaukar hoton ƙashi. Sukurun da ya kwance ana iya ɗaure shi ko a canza shi a zama ɗaya, wanda ya karye a cikin turke kuwa, fitar da guntunsa aiki ne mai cin lokaci, wani lokacin ma yakan lalata zaren cikin turken, inda sukuru ke kamawa, gaba ɗaya.