Fitilar Tsohuwar Datsun 240Z: A Fara da Awo Kafin a Sayi Sabon Ƙwai

Assalamu alaikum masu kallo. Motar da kuke gani ita ce Datsun 240Z, wadda kamfanin Nissan ya fito da ita a ƙarshen shekarar 1969, a Japan ana kiranta Fairlady Z, akasarinta kuma a Amurka aka sayar. Da rana mota ce mai daɗin tuƙi, amma da zarar magariba ta yi aka kunna fitila, sai ka ga wani haske ja-ja kamar na aci-bal-bal yana kwance a gaban taya. Abin da yawancin masu irin wannan mota ke fara yi shi ne su je kasuwa su nemi ƙwai mafi ƙarfi. A ganina wannan shi ne mataki na ƙarshe, sau da yawa ma ba a bukatarsa, domin a tsohuwar mota hasken yana ɓacewa ne a kan hanya tun kafin wuta ta isa ƙwan.

Bari mu bi wutar mu ga inda take bi. A wannan mota babu rile a layin fitila, wato makunnin da ƙaramar wuta ke kunnawa don ya buɗe wa babbar wuta hanya. Wuta tana tashi daga batir, ta shiga cikin ɗakin mota, ta ratsa makunnin da ke jikin sitiyari da akwatin fis mai ƙananan kwalabe, sannan ta sake yin doguwar tafiya zuwa hancin motar ta cikin siraran wayoyi da suka haura shekara 50. Fitilu biyu a dogon haske suna jan kusan amfiya 10 (amfiya ma'aunin yawan wutar da ke gudana ne), kuma dukan wannan nauyi yana wucewa ne ta kan 'yan ƙananan haƙoran tagulla da ke cikin makunnin. Duk mahaɗar da ta yi tsatsa, duk bakin fis da ya saki, yana cinye wani abu daga ƙarfin wutar ya mayar da shi zafi. Shi ya sa za ku tarar a motoci da dama irin wannan robar akwatin fis ta narke ta yi baƙi. Tsofaffin Porsche 911 masu sanyaya inji da iska su ma suna da irin wannan lalura, don haka bayanin bai tsaya ga Datsun kaɗai ba.

Abin da ya sa ƙaramar asara take zama babba shi ne yadda zaren ƙwai yake aiki. Haskensa ba ya raguwa daidai da raguwar wuta, ya fi ta saurin faɗuwa ƙwarai. Idan ƙarfin wuta ya ragu da kashi 10 cikin 100, hasken yana raguwa da kusan kashi 30. A ce batir yana nuna volt 14 inji na aiki, amma abin da ke isa bayan fitila 12 ne kacal; to kusan kashi 40 na hasken ya tafi, alhali ƙwan lafiyarsa ƙalau.

Saboda haka kayan aiki na farko shi ne mita mai auna ƙarfin wuta. A tayar da inji, a kunna fitila, a bar soket ɗin a jone yadda yake, domin awon da aka yi bayan an cire ƙwai yaudara ne: waya mai tsatsa tana iya nuna cikakken ƙarfi matuƙar ba a ɗora mata kaya ba. A ɗora tsinke ɗaya na mita a kan jan kan batir, ɗayan kuma a zura shi ta bayan soket inda wuta ke shiga. Lambar da ta fito ita ce abin da aka rasa a hanyar zuwa. Sai a maimaita tsakanin baƙin kan batir da ƙafar da wuta ke fita, a ga asarar hanyar komawa, wadda mutane suka fi mantawa da ita. Idan jimillar biyun ta wuce rabin volt, akwai aiki. Kafin wannan duka, a tabbata altaneta tana caji tsakanin volt 13.5 da 14.5 a kan batir, domin idan tushen ya raunana babu gyaran waya da zai yi amfani.

Gyara mafi arha shi ne wanki. A zare kowane fis, a goge bakinsa da maƙalinsa da samfefa mai laushi har tagulla ta fito fes, a ɗan matse maƙalin don ya kama da kyau. A kwance wayar komawar wuta da ke ɗaure a jikin mota, a kankare fenti da tsatsa har sai ƙarfe ya yi ƙyalli, a mayar a ɗaure tamau. Idan kun ga wani kore-kore yana bin cikin waya ƙarƙashin roba, wannan yankin ya mutu, yanke shi za a yi.

Gyara na gaske kuwa shi ne sa rile guda biyu, ɗaya na gajeren haske, ɗaya na dogo. Rile makunni ne da ƙaramar wuta ke kunnawa don ya buɗe wa babbar wuta hanya. Idan kuka juya shi za ku ga lambobi huɗu a ƙafafunsa. Ƙafa ta 30 tana karɓar wuta kai tsaye daga batir, ta 87 tana kai ta fitila, su kuma 85 da 86 su ne na ɗan naɗin wayar da ke ciki, wanda tsohon layin motar zai riƙa kunnawa. Da wannan tsari makunnin sitiyari ya huta, domin abin da zai ɗauka bai kai rabin amfiya ba, wutar fitila kuma ta samu gajeriyar hanya ta waya mai kauri, aƙalla mai faɗin milimita 2.5 murabba'i. Kowane rile ya samu fis nasa, a sa shi dab da batir, tazarar da ba ta wuce taƙi ɗaya ba. Ina nanata raba fis ɗin, domin idan aka haɗa layukan biyu a kan guda ɗaya ya tsinke ana cikin gudu da dare, duhu ne gaba ɗaya ba tare da mafita ba.

Akwai tarko ɗaya da ya kamata mai rewaya ya sani. A 240Z, kamar a motocin Japan da yawa na wancan zamani, zaɓin dogo ko gajeren haske ana yin sa ne ta ɓangaren komawar wuta: wuta tana zaune a ƙafa ɗaya ta fitila, makunni kuma yana zaɓar zaren da zai haɗa da jikin mota. Wanda ya ɗauka tsarin irin na sauran motoci ne ya jona rile a haka, zai ga ko dai fitila ta ƙi kamawa ko ta ƙi mutuwa. A auna kowace ƙafa da mita kafin a yanke komai. Kuma gaskiya ita ce ƙwan da ke samun cikakkiyar wuta ba zai daɗe kamar da ba, domin ƙarin kashi 5 cikin 100 na ƙarfin wuta yana rage kwanansa da kusan rabi. Ni dai na yarda da wannan ciniki, tunda sauya ƙwai ya fi sauƙi a kan rashin ganin hanya.

Yanzu sai fitilar kanta. Daga 1940 har zuwa 1983 dokar Amurka ta wajabta fitila rufaffiya, wato wadda zare da madubi da gilashi duk abu ɗaya ne da ba a buɗewa, kuma da irinta mai faɗin inci 7 wannan mota ta isa can. Tsofaffin irin nan ba su da iskar halojin, don haka ƙarfen zaren yana ƙonewa sannu a hankali yana manne wa gilashi ta ciki har ya dusashe. Abin farin ciki shi ne girman inci 7 ma'auni ne na gama-gari, saboda haka kwanon fitila mai karɓar ƙwan H4, wato ƙwan halojin mai zare biyu, irin na kamfanin Hella ko Cibié ko Koito, yana zama a gurbin ba tare da yanka ko walda ba, soket mai ƙafa uku ma ɗaya ne. A wannan mota ta cikin rumbun taya ake kwance fitilar, don haka a tanadi haƙuri da man sassauta tsatsa. Ƙwan H4 na wat 60 da 55 yana ba da lumen 1,650 a dogo da 1,000 a gajere (lumen ma'aunin yawan haske ne), amma babbar ribarsa ita ce yadda gilashin yake yanke hasken da layi mai kaifi, ya zuba shi a kan titi maimakon sama. Kada a taɓa kwalbar ƙwan da yatsa, domin maiƙon hannu yana sa wurin ya yi zafi fiye da kima.

Wajen saye a duba gilashin da kyau. Gajeren hasken H4 yana ɗagawa ta gefe ɗaya don haska bakin hanya, kuma gefen ya danganta da hannun da ake tuƙi. Japan da Ingila suna bin hagu, Amurka da Nijar suna bin dama, Najeriya ma ta koma dama tun 1972. A jikin gilashin, kusa da harafin E da ke cikin da'ira, idan akwai kibiya mai kai ɗaya, fitilar ta ƙasashen hagu ce, kuma a hanyar dama za ta riƙa watsa haske cikin idon mai tahowa. Wadda babu kibiya ita ce ta hannun dama.

Ƙwai mai wat 100 ban ba da shawararsa ba. Yana jan kusan ninki biyu na wuta, yana dafa soket, a kan tsohuwar waya kuma neman gobara ne. Mai shuɗin fenti shi ma rage haske yake yi, domin fentin tacewa yake. Abin da ya fi damuna shi ne ƙwan LED ko na zenon, masu farin haske marasa zare, da ake cusawa cikin kwanon da aka ƙera don halojin. Madubin an lissafa shi ne a kan zare siriri da ke zaune a wuri ɗaya tak, to idan tushen hasken ya sauya siffa ko ya gusa ko da kaɗan ne, layin yankan yakan lalace. Direba yana ganin fari tas a gabansa ya ɗauka ya ci riba, alhali wannan farin na kusa yana tsuke masa ido ya rage masa hangen nesa, mai babur da ke tahowa kuma ya makance na 'yan daƙiƙu. Wanda yake son LED ya sayi cikakkiyar fitila mai inci 7 da aka ƙera tun asali don haka, ya auna zurfinta kafin ya biya, ya kuma tuna cewa LED ba ta yarda a juya mata wuta, don haka rile ɗin nan dai sai an sa shi.

Saura saiti, wanda ba ya cin ko kwabo. A samu fili shimfiɗaɗɗe da bango a tsaye, tayoyi da iska daidai, mutum ɗaya zaune a kujerar direba. A matso da mota dab da bango, a yi alama da alli daidai tsakiyar kowace fitila, sannan a ja baya a miƙe har mita 10. A kunna gajeren haske, a rufe fitila ɗaya da kwali, a juya sukurun saiti na ɗayar har layin yankan ya sauka santimita 10 ƙasa da alamar, kusurwar da hasken ke fara ɗagawa kuma ta tsaya daidai ƙarƙashin alamar. Sai a mayar da kwalin ɗaya gefen a maimaita.