Amsoshin Tambayoyinku: Wai daɗewar jira na ƙara wa gem kyau?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wannan makon matasa ne suka cika mana jaka, kuma kusan bakinsu ɗaya: wasannin bidiyo, gem ke nan. Iyayenmu da ke kusa da rediyo, don Allah kada a murɗa tasha, domin akwai kuɗi masu firgitarwa a cikin zancen, kuma shi ne abin da yaranku ke wuni a kansa.

Wasiƙar farko ta fito daga wani bawan Allah mai gidan gem a birnin Kano. Ya ce: "Malam, tun ina yaron shago ake buga GTA 5. Yanzu shagon nawa ne, na yi aure, har Allah ya ba ni 'ya'ya biyu, amma na shida shiru kake ji. Wai mutanen nan aiki suke yi ko barci?"

To mai gida, Allah ya raya yara, ya ƙara kasuwa. Lissafinka bai kuskure ba. GTA 5, wato na biyar a jerin gem ɗin Grand Theft Auto, ya fito ranar 17 ga Satumba, 2013. A da kamfanin Rockstar ba ya wannan jan ƙafa: GTA 3 a 2001, Vice City a 2002, San Andreas a 2004, uku rigis cikin shekara uku, duk a kan PlayStation 2. Na huɗu ya biyo baya a 2008. Shi ya sa 'yan barkwanci ke cewa a da PlayStation ɗaya ce ta ga GTA uku, yanzu kuwa GTA ɗaya ne ya ga PlayStation uku, tunda na biyar ya fara a PS3, aka sake fito da shi a PS4 a 2014, aka kuma maimaita a PS5 a 2022.

Batun barci dai, a yi musu adalci. A tsakanin nan sun yi Red Dead Redemption 2, wanda ya fito a 2018, shekara takwas bayan na farkonsa, kuma mutum fiye da dubu ne suka sa hannu a cikinsa. Wanda ya taɓa buga shi ya san inda shekarun suka tafi. Gemun jarumin yana tsiro a hankali sai ka kai shi aski. Bindigarsa tana yin datti, in ba ka goge ta ba ƙarfinta ya ragu. In ka bar shi da yunwa ya rame, in ya faɗi cikin taɓo mutanen gari su riƙa yi masa kallon ƙazami. Kowanne daga cikin waɗannan akwai waɗanda suka zauna suka zana shi, suka rubuta masa umarni, suka gwada shi sau ba adadi. San Andreas faifai ɗaya ya ɗauke shi. Wannan kuwa a PS4 faifai biyu ya zo da su, yana cin wajen gigabait 100.

Sai dai, mai gida, akwai dalili na biyu, kuma a ganina ya fi na farko nauyi. Kwana uku kacal GTA 5 ya yi a kasuwa ya tara dala biliyan 1. Zuwa yanzu an sayar da fiye da kwafi miliyan 200. Ga kuma GTA Online, inda mutane ke cire kuɗin aljihunsu su sayi kuɗin cikin gem don mallakar motoci da gidaje. Wanda kuɗi ke kwararo masa kowace safiya, wa zai sa shi gaggawa? Ga tsoro kuma. Takardun da suka bayyana a wata shari'a a Amurka a 2023 sun nuna Sony, mai PlayStation, ta kashe kimanin dala miliyan 220 a kan gem ɗin The Last of Us kashi na biyu, da miliyan 212 a kan Horizon Forbidden West. Mai zuba irin wannan dukiya, kuskure ɗaya na iya rufe masa ofis.

Game da na shida, an nuna tallansa na farko a watan Disamba na 2023 aka ce 2025. Aka dawo aka ce 26 ga Mayu, 2026. A Nuwamban 2025 kuma aka sake ɗage shi zuwa 19 ga Nuwamba, 2026. In ranar ta tabbata, jiran ya zarce shekara 13 ke nan.

Ta biyu daga wata ɗaliba ce a Damagaram, Jamhuriyar Nijar, wadda ta ce tana karatun kwamfuta. Ta rubuto cewa: "Magabata sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Ashe ba gem ɗin da aka fi daɗewa ana jira ne zai fi kyau ba? Ni ban ga abin ƙorafi ba."

Malama, Allah ya ba da ilimi mai amfani. Tambayarki ce ƙashin bayan shirin namu na yau, don haka zan ɗan zauna a kanta. Kin taɓa kai wa tela ɗinki tun Rajab, ki zo karɓa daren Sallah ki tarar yanzu yake yanka yadin? Kayan sun yi wata uku a shagonsa, amma ɗinkin dare ɗaya ne. To shekarun da mu muke ƙirgawa daga waje ba lallai su zama shekarun aiki ba.

Ki ɗauki Cyberpunk 2077 na kamfanin CD Projekt da ke Poland. An sanar da shi a 2012, ya fito a Disamban 2020, jama'a na cewa ai shekara takwas ake gina shi. Alhali mafi yawan ma'aikatan suna can kan wani gem nasu, The Witcher 3, har zuwa 2016. Da ya fito, a kan PS4 abin ba a magana: motoci na nutsewa cikin ƙasa, mutane na tsaye ƙiƙam hannuwa a miƙe, gem ɗin na mutuwa ana tsakiyar bugawa. Sai da Sony ta cire shi daga shagonta na intanet ta mayar wa mutane kuɗinsu, bai koma ba sai Yunin 2021. An gyara shi daga baya, har ya samu yabo a 2023, amma waɗanda suka saya ranar farko su suka biya kuɗin gwaji.

Wanda ya fi wannan muni shi ne Duke Nukem Forever. An sanar da shi a 1997, bai fito ba sai 2011. Su masu yin wannan sun yi aikin, sai dai rushewa suke yi suna sake ginawa. Kowane gem akwai manhajar da ake ɗora shi a kai, wadda ake kira inji, ita ke kula da haske da motsi da yadda abubuwa ke karo da juna. Sun fara da injin Quake 2, a 1998 suka watsar suka koma Unreal. Da sun ga wani kamfani ya fito da sabon abu sai su ce nasu ma sai ya samu. Kuɗi suka ƙare, a 2009 aka sallami ma'aikatan, wani kamfani mai suna Gearbox ya tattara abin da ya rage ya ƙarasa. Abin da ya fito tsohon yayi ne, barkwancinsa ya sha iska, masu sharhi suka yi masa kaca-kaca.

Amma kada in karya miki gwiwa, akwai inda karin maganarki ya yi daidai. Nintendo ta saki Zelda: Breath of the Wild a 2017, na bayansa Tears of the Kingdom a Mayun 2023. Jagoran aikin, Eiji Aonuma, ya bayyana cewa lokacin da suka ɗage shi a 2022 kusan an gama, shekara guda suka ƙara suna gwaji da goge-goge. A gem ɗin kana iya manna katako da ƙafafun mota da farfela ka ƙera abin hawa na kanka, kuma abin mamaki da wuya ka ga ya birkice. Haka Silksong, ci gaban Hollow Knight, wanda mutum uku a birnin Adelaide na Ostareliya suka jagoranta. Sun sanar da shi a 2019, suka yi gum da bakinsu har aka mai da su abin zolaya, ya fito a Satumban 2025, ranar kuwa sai da shagunan sayar da gem na intanet suka riƙa ɗaukewa saboda cunkoso.

Don haka in kin ji an ɗage wani gem, ki duba alamu. Shin shugabannin aikin suna nan ko sun watse? An canza inji a tsakiya? An nuna ainihin yadda ake buga shi, ko tallan majigi kawai ake ta yaɗawa? Ɗagewa ta wata shida ko shekara a ƙarshen aiki galibi alheri ce. Shiru na shekaru tare da labarin sallamar ma'aikata da sauya shugabanni, nan ne hankalina ba ya kwanciya. Ko a Rockstar ɗin ma, Leslie Benzies da ya shugabanci yin GTA tun daga na uku ya bar kamfanin a 2016, Dan Houser da ya jagoranci rubuta labaransu ya tafi a 2020. Ban ce na shida zai lalace ba, ina dai tuna mana cewa sunan ne bai canza ba.

Sai wani ɗan'uwa daga zangon Kumasi a Ghana. Ya ce shi ƙwallo kaɗai ya sani, kuma matsalarsa kishiyar ta sauran ce: "FIFA kowace shekara sabo, amma in ka duba riga kawai aka canza wa 'yan wasa. Da za su huta shekara biyu, ba zai fi ba?"

Ɗan'uwa, an gwada wannan shawara taka, kuma duk wanda ya taso yana buga PES, gem ɗin ƙwallo na kamfanin Konami, bai manta ba. Konami ta ce za ta huta. PES 2021 da ta fitar a 2020 tsohon ne da sabbin sunayen 'yan wasa, aka rage masa farashi, aka ce ana can ana gina gagarumin abu a kan sabon inji. Ranar 30 ga Satumba, 2021 magajinsa eFootball 2022 ya iso, kyauta. Ƙungiyoyi tara kacal za ka iya zaɓa. Fuskar Messi ta zama abin ban tsoro, idanu kamar za su faɗo. 'Yan wasa na gudu hannuwansu a wurge baya, 'yan kallo a filin ko siffar mutane ba su cika ba. Cikin kwanaki ya zama wanda ya fi shan zagi a Steam, dandalin sayar da gem na kwamfuta, Konami ta fito ta ba da haƙuri, kuma cikakken gyaran bai zo ba sai Afrilun 2022. Sauya inji shi ya cinye hutun gaba ɗaya.

Amma hutu ya yi wa wasu rana. Ubisoft tana fitar da Assassin's Creed kowace shekara har Unity ya fito a 2014 cike da tangarɗa. Ta tsallake 2016, ta dawo a 2017 da Origins wanda aka gina a Masar ta zamanin Fir'aunoni, mutane suka ce yanzu aka yi magana. Call of Duty kuma dabara ce da su: ana ganinsa kowace shekara, amma rukunonin ma'aikata daban-daban ne ke karɓa-karɓa, Infinity Ward da Treyarch da Sledgehammer, kowanne ya samu lokacinsa. Shi kuwa FIFA, wanda tun 2023 ya koma EA Sports FC, kada ka sa rai da hutunsa. Kakar ƙwallo ba ta jira, kuma kowace sabuwar kaka jama'a na sake zuba kuɗi a Ultimate Team, sashen da mutum ke haɗa ƙungiyarsa ta kansa, daga tushe.

Wani kuma daga Kaduna ya aiko da layi ɗaya: in sun san ba su shirya ba, me ya kai su sanarwa? Abokina, sanarwar ba don kai kaɗai ake yi ba. Akwai masu hannun jari da ake son kwantar wa hankali, akwai ƙwararrun ma'aikata da ake son jawowa. Bethesda ta nuna sunan The Elder Scrolls 6 da hoton duwatsu a 2018, alhali Starfield ne a gabanta, shi ma sai 2023 ya fito. Masoya Skyrim, wato na biyar a jerin The Elder Scrolls, kuwa tun Nuwamban 2011 suke zaune.

Ta ƙarshe, kuma ina roƙon a saurara da kyau, wani yaro ne daga Gusau. Ya ce ya ga wani bidiyo da ke nuna yadda ake sauke GTA 6 a wayar Android, yana tambaya ko data nawa zai ci. Ƙanina, kada ka taɓa shi. Rockstar ba ta sanar da GTA 6 a kan komai ba sai PlayStation 5 da Xbox Series X da S. Babu PS4, babu waya, ko kwamfuta ma ba a ambata ba a sanarwar. Abin da za ka sauke ko dai tsohon San Andreas ne aka yi wa fenti, ko manhajar ɓarayi da za ta shiga saƙonninka da asusun bankinka. Mai gidan gem na Kano, wannan amsar ta shafe ka kai ma: in PS4 ce a shagon, a fara tanadi tun yanzu.

Lokaci ya cim mana. Wasiƙun da ba mu samu karantawa ba suna nan a ajiye, har da ta mahaifiyar da ke tambaya kan awa nawa ya kamata yaro ya yi yana gem, da ita za mu buɗe shiri na gaba in Allah ya kai mu. A huta lafiya.