Yadda Ake Daidaita Dokar Dabbobi ta Ƙasa da Ƙa'idojin Duniya

A shekarar 1920, wasu shanu masu tozo da aka ɗauko daga Indiya za a kai su Burazil sun yada zango a tashar jiragen ruwa ta Antwerp da ke Beljiyam, kuma ba su bar ƙasar ba sai da suka bar mata cutar bushiya. Makiyayan ƙasar Hausa ma sun san ɗacin wannan cuta, domin ita ce ta share garkunan shanu a wajajen 1890. Ɓullarta a Turai ce ta sa ƙasashe 28 suka rattaba hannu kan wata yarjejeniya a birnin Faris ranar 25 ga Janairun 1924, suka kafa ofishin da aka daɗe ana kira OIE, wanda a yau ake kira Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya, wato WOAH, mai mambobi fiye da 180.

Wannan hukuma ba ta da 'yan sanda, ba ta da kotu, kuma ba ta da ikon shiga kara ko mayanka ta kama kowa. Abin da take yi shi ne tattara ƙa'idojin da wakilan ƙasashe suka amince da su a taronsu na shekara-shekara, ta zuba su cikin kundi. Nauyin kundin ya ƙaru ne daga 1995, lokacin da yarjejeniyar Ƙungiyar Ciniki ta Duniya kan tsabtar abinci da lafiyar dabbobi da tsirrai ta ɗauke shi a matsayin ma'aunin da ake komawa gare shi idan wata ƙasa ta hana shigar nama ko dabbobin wata. Duk da haka, ƙa'idar da ke cikin kundin ba ta hawa kan mahauci ko dillali ko makiyayi har sai ƙasarsa ta mayar da ita doka, kuma wannan mayarwar ita ake nufi da daidaitawa.

A 2012 hukumar ta ware babi guda a kundin kan abin da ya kamata dokar dabbobi ta ƙunsa. Babin yana so doka ta fayyace hukumar da alhakin ke wuyanta, ta ba jami'anta ikon bincike da killace dabba da hana zirga-zirga, ta jera cututtukan da dole a ba da rahotonsu, ta kuma bayyana wanda ya cancanci a kira shi likitan dabbobi da iyakar aikin malamin dabbobi da ke taimaka masa. Ya taɓo ɗakunan gwaji, magunguna, kasuwanni, mayanka da shige da fice. Ƙasar da ta buƙata tana iya gayyatar ƙwararrun hukumar su duba dokokinta, su nuna mata inda giɓi yake.

Najeriya ta shafe shekaru fiye da 30 tana aiki da dokar yaƙi da cututtukan dabbobi ta 1988, wadda aka yi a zamanin mulkin soja, kafin Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan sabuwa a 2022. Sabuwar ta yi magana kan cututtukan da ke tsallaka iyaka, da waɗanda ke tashi daga dabba zuwa mutum, da kuma matsalar ƙwayoyin cuta da suka daina jin magani. Wannan batu na ƙarshe ba ƙarami ba ne ga duk wanda ya taɓa ganin magungunan allura a shimfiɗe kan tabarma cikin rana a kasuwar ƙauye, ana sayar da su ga kowa, ba tare da an gaya wa mai saye kwana nawa zai jira kafin ya yanka dabbar ko ya tatsi nononta ba.

Inda aikin ya fi wuya shi ne wajen rahoto. Ƙa'idar duniya ta wajabta wa kowace ƙasa sanar da hukumar cikin awa 24 idan wata muhimmiyar cuta ta ɓulla, amma babban likitan dabbobi da ke Abuja ba zai san abin da ke faruwa a ruga ba sai labari ya taso daga makiyayi zuwa malamin dabbobi, daga nan zuwa ma'aikatar jiha, sannan ya isa tarayya. Shi kuwa makiyayi, idan ya san cewa faɗin gaskiya na nufin a hallaka masa dukiya ya tashi a tutar babu, to zai gwammace ya kai sanuwar kara da sassafe ko ya kira mahauci. Saboda haka ne babin ya nemi doka ta tanadi hanyar biyan diyya. An ga hakan a fili a Fabrairun 2006, lokacin da aka tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a wata gonar kaji a jihar Kaduna, karo na farko a nahiyar Afirka. Diyyar da aka fara sanarwa ita ce naira 250 kan kowace kaza, abin da masu kaji suka ce bai kai farashin kasuwa ba, har sai da aka sake duba lissafin daga baya. A ganina, sashen diyya ya fi sashen tara da ɗauri tasiri a irin wannan doka, ko da yake shi ne aka fi mantawa da shi idan an zo kasafin kuɗi.

Sai batun iyaka. Shanu da tumakin da ke cika kasuwannin Maigatari, Mai'aduwa da Illela da yawansu daga Nijar suke shigowa, kuma tun 1998 ƙungiyar ECOWAS ta tanadi takardar shaidar ƙaura da ke nuna yawan garke, rigakafin da aka yi masa da burtalin da zai bi. Nijar kuma tana cikin tsarin bai ɗaya na rajistar magungunan dabbobi da ƙasashen UEMOA, wato ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da kuɗin CFA, suka kafa a 2006, wanda Najeriya ba ta ciki. Idan dokokin ƙasashen biyu suna komawa ga ma'auni ɗaya, takardar da likita ya sa wa hannu a Maraɗi za ta samu karɓuwa a Jibiya.

An ayyana kawar da bushiya daga duniya a 2011, bayan gangamin da aka faro da wani taro a Kano a 1961, da kuma mummunar dawowar da cutar ta yi a farkon shekarun 1980. Yanzu an sa 2030 a matsayin wa'adin kawar da 'yar'uwarta da ke kashe awaki da tumaki, wadda ake kira PPR. Duk ƙasar da ke son a amince ta rabu da ita sai ta miƙa wa hukumar cikakken bayani, kuma daga cikin abubuwan da ake tambayarta akwai dokokin dabbobin da take aiki da su da yadda ake aiwatar da su.