Amsoshin Tambayoyinku: Cutar da ke Ramar da Bareyi

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Wasiƙar farko daga wani malamin makaranta take. Ya ce ya ji labarin wata cuta da ke kashe bareyi a Amurka, yana so a yi masa bayanin ƙwayar da ke kawo ta.

To Malam, abin da zai ba ka mamaki shi ne, wannan cuta mai ramar da bareyi, da ake kira CWD a taƙaice da Turanci, ba bakteriya ke kawo ta ba, ba kuma bairos ba. Wani furotin ne da dama can yana jikin dabbar, sai ya naɗe a karkace. Duk ɗan'uwansa lafiyayye da ya taɓa, shi ma sai ya karkace, a haka har ƙwaƙwalwa ta huhhuje kamar soso. Dangi ɗaya suke da cutar haukar shanu da ta addabi Birtaniya. An fara lura da cutar ta CWD a 1967, a jikin wasu bareyi da ake tsare da su a wata cibiyar bincike a jihar Kolorado.

Barewa kan yi fiye da shekara ɗauke da ita ba alamar komai. Daga baya sai rama, haƙarƙari duk a waje, kai a sunkuye, kunnuwa sun langaɓe, miyau na dalala. Dabbar da motsin ganye ke sa ta zabura, sai ka tarar da ita tsaye tana kallon mutum. Babu magani, babu riga-kafi.

Inda gizo ke saƙar shi ne yaɗuwarta. Tana fita ta miyau da fitsari da kashi, ta maƙale a ƙasa tsawon shekaru. Shi ya sa da ta ɓulla a Norwe a 2016, hukumomi suka harbe garken bareyin daji ɗungurungum a yankin Nordfjella, sama da dabba 2,000, aka bar wurin fayau. Hukunci ne mai tsauri, amma a ganina da wuya a ga laifinsu.

Wata ɗaliba kuma ta rubuto tana tambaya, shin akwai bareyin da cutar ba ta kamawa? Malama, masu binciken ƙwayoyin gado sun gano cewa wani ɗan bambanci a ƙwayar gadon da ake kira PRNP yana jinkirta cutar a jikin wasu bareyi masu farin bindi. Jinkiri ne fa, ba kariya ba. Kuma akwai damuwa a ciki, domin wadda ta daɗe a raye da cutar ta fi samun lokacin watsa ta.

Sai wani bawan Allah mai tambaya ko dahuwa na kashe ta. A'a, dahuwa ba ta lalata wannan furotin. Kawo yanzu ba a tabbatar ta kama ɗan Adam ba, amma hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka na shawartar mafarauta a yankunan da cutar take su kai a gwada dabbar tukuna, in an same ta da ita kada a ci naman.

Lokaci ya cimmana, sauran wasiƙun sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.