Rage rawar hannu daban, kare ƙwaƙwalwa daban

[Hoto: allurar masu ciwon sukari]

Ana ta yaɗawa cewa wannan allurar ta masu ciwon sukari, exenatide, ta tsayar da cutar Parkinson, wato makyarkyata. Ba a kai nan ba tukuna.

Akwai wani baƙin ɗigo a can ƙasan ƙwaƙwalwa. Nan ƙwayoyin da ke samar da sinadarin dofamin, mai daidaita motsin jiki, suke, kuma kafin hannu ya fara rawa da yawansu sun riga sun mutu. Maganin levodopa, da ake bayarwa tun ƙarshen shekarun 1960, gurbin dofamin yake cikewa. Mutum ya ji sauƙi, ƙwayoyin na ci gaba da mutuwa.

To, ta yaya za a gane maganin da ya hana mutuwar? Ba a buɗe kan mai rai a ƙirga ƙwayoyi. Likita tafiyar mutum yake kallo, ya ce ya riƙa haɗa babban yatsa da manuniya da sauri, sannan ya ba da maki. Maganin da ya rage rawa kawai zai gyara makin. Wanda ya kare ƙwayoyi ma haka. A takarda ba ka rabe su. Abin da ya rikita gwajin maganin selegiline ke nan a 1989.

[Hoto: layuka biyu a jadawali]

Dabara ta farko: a janye maganin a jira. In sauƙi ne kawai, layin makin waɗanda aka ba maganin zai dawo ya haɗu da na waɗanda aka ba ƙwayar da ba komai a cikinta. In ya ƙi haɗuwa, akwai magana.

Ta biyu: rukuni ɗaya ya fara yau, ɗayan sai bayan makonni 36. Idan na bayan suka kamo na gaba, ba a kare komai ba. Haka aka gwada rasagiline a 2009: miligiram 1 ya cika sharuɗɗan, miligiram 2 ya gaza, har yau ana muhawara.

Mu koma ga allurar. A 2017, a Landan, mutum 62 suka shiga gwajin exenatide: makonni 48 ana allura, makonni 12 an janye, tazarar ba ta rufe ba. Kowa ya sa rai. Amma a 2025 babban gwajin, mutum 194, makonni 96, bai nuna bambanci ba. Wannan ya yi ciwo ƙwarai.

Creatine, isradipine, coenzyme Q10, duk sun yi aiki a jikin dabbobin gwaji, suka faɗi a jikin mutane. A ganina lokaci ne babbar matsalar: sau da yawa ana ba ɓera maganin tun kafin a lalata masa ƙwayoyin, mutum kuwa sai cuta ta yi shekaru tana cinsa. Shi ya sa sakamakon 2023 ke da nauyi, inda aka gano gurɓataccen furotin alfa-sinuklin a ruwan laka na wasu mutane tun rawar ba ta fara ba.